Tsakanin Asaba da Anaca: Tarihin Wata Gada da Abin da Ke Sa a Rufe Gada Don Gyara

Wanda ya tsaya a bakin kogin Kwara ta ɓangaren Asaba da hantsi, idan babu hazo, yana iya hango benayen Anaca a ɗaya gaɓar. Garuruwan nan biyu maƙwabtan juna ne, ba abin da ya raba su sai ruwa, ko da yake Asaba ita ce babban birnin Jihar Delta, Anaca kuwa tana Jihar Anambra. Mutane da yawa a Asaba suke kwana, amma a kasuwar Anaca suke wuni. Motocin da suka taso daga Legas da Binin za su gabashin Nijeriya, da tirelolin shanu da albasa da wake na fataken Arewa waɗanda suka biyo ta Lakwaja da Okene, a da duk a nan suke haɗuwa, su bi layi su hau wata gadar ƙarfe mai tsawon kimanin mita 1,400. Tun daga ƙarshen 1965 har zuwa ƙarshen 2022, wato shekara 57, ba wata gada tsakanin garuruwan biyu sai ita.

A wuri irin wannan ba labarin da ya kai na rufe gada tayar da hankali. Direba yakan dubi gada ya gan ta tsaye ƙyam, ba ta karkace ba, ba ta tsage ba, sai ya ce wahalar da talaka kawai ake son yi, ko kuwa wata kafa ce ta cin kwangila. Ba a rasa inda zarginsa yake da ƙanshin gaskiya. Sai dai gada ba ta nuna ciwonta a fuska. Yawancin abin da ke kashe ta yana farawa ne a inda idon mai wucewa ba ya kaiwa, kuma ran da ya fito fili, sau da yawa aikin gama ya gama.

Kafin a yi gada

Asaba tsohon mashigi ne. A nan Kamfanin Neja, wanda Ingila ta ba izinin mulki da ciniki a bakin kogin, ya ajiye hedkwatar mulkinsa daga 1886 zuwa 1900. Anaca kuwa ta bunƙasa da kasuwanci har kasuwarta ta shiga sahun mafiya girma a Afirka ta Yamma. Da kwalekwale ake fito, daga baya aka kawo jirgin fito mai ɗaukar motoci, wanda ake jira a layi na sa'o'i.

Abin tambaya shi ne, me ya sa garuruwa masu hada-hada haka suka daɗe ba su sami gada ba, alhali an gama ta Jebba a kan wannan kogi tun 1916, an kuma buɗe ta Makurɗi a kan Binuwai a 1932? Amsar tana ga jirgin ƙasa. Turawan mulkin mallaka sun gina manyan gadojinsu ne a inda layin dogo ya ci karo da kogi, domin gyaɗa da auduga da kuza su isa bakin teku. Layin dogo bai bi ta Asaba ko Anaca ba, saboda haka sai da motar haya ta karɓe ragamar sufuri sa'an nan aka waiwaye su. A shekarun 1950 wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan mai suna NEDECO ya yi binciken yiwuwar aikin, kamfanin Dumez na Faransa kuma ya yi ginin tsakanin 1964 da 1965. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya buɗe ta, 'yan makonni kafin juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 wanda ya ci ransa.

Wurin ba mai sauƙin gini ba ne. A daidai nan Kwara ta riga ta haɗiye ruwan Binuwai tun daga Lakwaja, kuma tsakanin rani da lokacin cikowarta a watannin Satumba da Oktoba ruwan yana tashi mita da dama. Kowane ginshiƙi da za a kafa a cikin irin wannan ruwa kuɗi ne mai yawa, kuma cikas ne ga jiragen ruwa. Don haka aka rage yawan ginshiƙai aka tsawaita zangon da ke tsakaninsu. Manyan zangunan gadar kowanne ya kai ƙafa 420, kimanin mita 128 ke nan.

Yaya za a yi ƙarfe ya ratsa mita 128 ba tare da ya lotsa ba? Duk yaron da ya taɓa ƙera motar kara ya san rabin amsar. A samu karan dawa huɗu a haɗa bakunansu da ƙaya su yi murabba'i, sa'an nan a danna kusurwa ɗaya: nan take zai karkace. A cire kara ɗaya a mayar da shi alwatika a sake dannawa: ba zai motsa ba sai dai kara ya karye, domin alwatika ba ta canza siffa sai tsawon ɗaya daga cikin gefunanta ya canza. Ƙarafan da matafiyi yake gani sun yi masa rumfa a kan gadar jerin alwatika ne. Idan mota ta hau, ƙarafan sama matsi suke sha, na ƙasa kuma ja, na tsakiya masu gicciye su riƙa miƙa nauyin daga gaɓa zuwa gaɓa har ya sauka a kan ginshiƙi. Dabara ce mai tsimin ƙarfe, amma tana da sharaɗi: kowane ƙarfe da aikinsa, kuma akwai waɗanda idan ɗaya ya gaza babu mai karɓar kayansa.

Rufewar da ta fi kowace tsawo

Gadar ba ta cika shekara biyu ba yaƙin basasa ya same ta. Ran 9 ga Agusta 1967 sojojin Biyafara suka haye ta kanta suka mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya. Da aka koro su a farkon Oktoba, sai suka sa nakiya suka karya zanguna biyu na ɓangaren Anaca. Runduna ta biyu ta sojan Tarayya, ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammed, ta iso Asaba ta tarar babu hanya. A kwanakin ne aka kashe ɗaruruwan fararen hula a garin, abin da mutanen Asaba suke juyayi har yau. Rundunar ta yi ta yunƙurin hayewa da jiragen ruwa a cikin watan, ana mayar da ita da hasarar rayuka mai yawa. Sai da ta zagaya ta haye ta Idah, can arewa, sa'an nan ta kama Anaca a watan Maris na 1968. Zanguna biyu kacal aka cire daga cikin gada, amma sun jinkirta runduna guda wata biyar.

Bayan an ajiye makamai a Janairu 1970, aka toshe giɓin da irin gadar nan ta wucin gadi da ake kira Beli, wadda wani injiniyan Ingila, Donald Bailey, ya ƙago a farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Faifai-faifai ne na ƙarfe, kowanne tsawonsa kimanin mita 3, nauyinsa kuma bai fi abin da ƙarti shida za su ɗauka ba. Ana haɗa su da ƙusoshi a gaɓa, a riƙa tura gadar gaba a kan ƙafafu masu gangarawa har ta taɓa ɗaya bakin. Ƙunci gare ta, amma ta mayar da zirga-zirga kafin a sake gina zangunan na dindindin.

Maƙiyan da ba su da bindiga

Ɓarnar nakiya kowa yana ganinta. Wadda ta fi damun injiniya ita ce ta yau da kullum, kuma ta farko rana ce ke jawo ta. Ƙarfe yana miƙewa idan ya sha zafi, ya tsuke idan ya huce. Kowace mita guda ta ƙarfe tana ƙaruwa da kimanin milimita 0.012 a kan kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyas. Kamar ba komi ba, amma ɗalibi ya ɗauki alƙalami: idan bambancin zafin ƙarfen tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin bazara ya kai digiri 30, zango mai mita 128 zai miƙe da santimita 4.6, gadar duka kuwa da kusan rabin mita. Ba ginshiƙin da zai iya hana wannan motsi; in an ɗaure shi, wani abu ne zai fashe. Saboda haka ba a liƙa gada a kan ginshiƙanta. Ana ɗora ta ne a kan wasu matasai na ƙarfe ko na roba mai faranti a ciki, waɗanda ke barinta ta zame gaba da baya, a kuma bar 'yar tazara a tsakanin zango da zango a rufe ta da gaɓa mai haƙora kamar na mataji. Ƙarar nan ta "gaf-gaf" da ake ji a ƙarƙashin taya, gaɓoɓin ne ake takawa. Su ne kuma suka fi saurin lalacewa, domin kowace taya a kansu take sauka. Da zarar gaɓa ta yage, ruwan sama da yashi za su riƙa zuba a kan matashin da ke ƙasa, ya yi tsatsa ya cije, miƙewar gadar ta koma tana ture kan ginshiƙi.

Ita tsatsa ba cin ƙarfe kaɗai take yi ba. Idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, abin da yake zama ya fi shi cin wuri ninki da dama, shi ya sa rodin da ya yi tsatsa a cikin kankare yake kumbura ya ɓantare kankaren daga ciki. Fentin gada ba ado ba ne, garkuwa ce.

Sai gajiyar ƙarfe, wadda ta fi sauran ban mamaki. A ɗauki waya a lanƙwasa ta sau ɗaya, ba za ta karye ba. A yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya, sai ta tsinke, alhali ba a ƙara ƙarfin hannu ba. Wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, shi ne ya yi wa wannan al'amari nazari mai zurfi a tsakiyar ƙarni na 19, saboda yawan karyewar sandunan da ke riƙe ƙafafun taragu. Kowace babbar mota da ta ratsa gada lanƙwasawa ɗaya ce, ƙarama ƙwarai, amma ana lissafinsu ne da miliyoyi. Tsaga tana farawa daga bakin walda ko ramin ƙusa, siririya kamar gashi, ta riƙa ci gaba kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Gwaje-gwaje sun nuna cewa a mahaɗar walda, idan ƙarfin lanƙwasawar ya ninka biyu, yawan juyin da ƙarfen zai jure yakan ragu kimanin sau takwas, wato 2 × 2 × 2. Wannan lissafi ya isa ya nuna cewa mai tirelar da ya labta mata kaya fiye da ƙima don ya rage sawu, daga cikin shekarun gadar yake cin ribarsa. Haka nan shingen bincike ko na karɓar haraji a bakin gada, wanda ke sa manyan motoci su jeru hanci da wutsiya a kanta, yana ɗora mata mafi munin lodin da za ta iya gani, ya kuma maimaita shi kullum.

Na ƙarshe yana ƙarƙashin ruwa. Idan kogi ya ci karo da ginshiƙi, ruwan yakan nutsa ƙasa ya yi juyi kamar guguwa, ya riƙa kwashe yashin da ke gindinsa. Lokacin ambaliya, irin wadda Kwara ta yi a 2012 da 2022, ramin yakan zurfafa ƙwarai, sa'an nan idan ruwa ya janye laka ta rufe shi, mai dubawa da rani ya ga kamar ba abin da ya faru. Masu ɗiban yashi kusa da gada suna taya kogi wannan aiki. A ƙasar Fotugal, ran 4 ga Maris 2001, wata tsohuwar gada da ta haɗa garuruwan Entre-os-Rios da Castelo de Paiva a kan kogin Duro ta rufta da bas guda da ƙananan motoci uku, mutum 59 suka halaka. Ambaliya da ɗiban yashi na shekaru ne suka kwashe gindin ɗaya daga cikin ginshiƙanta.

Gadoji biyu a Amurka

Don a ga bambancin gadar da aka rufe da wadda ba a rufe ba, yana da kyau a leƙa Amurka, inda aka bi diddigin misalai biyu filla-filla. A shekarar da aka karya gadar Anaca, wato 1967, akwai wata gada a kan kogin Ohayo da ake kira Gadar Azurfa saboda launin fentinta, wadda ta haɗa garin Point Pleasant da yankin Gallipolis tun 1928. A rataye take a jikin sarƙoƙi na sandunan ƙarfe masu ido a kowane baki. Ran 15 ga Disamba da yamma, tana cike da motocin masu komawa gida, ta faɗa kogi cikin abin da bai wuce minti ɗaya ba, mutum 46 suka mutu. Da aka tsamo ƙarafan aka bincika, sai aka gano tsaga ce mai zurfin milimita 2.5 a cikin idon sanda guda, a wurin da ba mai iya gani sai an kwance sarƙar. Wannan masifa ce ta sa Amurka ta kafa ƙa'ida a 1971 cewa a riƙa duba gadojin manyan hanyoyinta aƙalla sau ɗaya a shekara biyu.

Bayan shekara 50, ran 11 ga Mayu 2021, wani mai irin wannan duba ya hango ɗaya daga cikin manyan ƙarafan gadar da ta haɗa birnin Memfis da maƙwabcinsa Memfis ta Yamma a kan kogin Misisifi ya tsage kusan gaba ɗaya. Bai tsaya rubuta rahoto ba, lambar gaggawa ya buga ya ce a kwashe motoci daga kan gadar. Aka rufe ta a ranar, aka kuma tsayar da jiragen dakon kaya da ke bi ta ƙarƙashinta har kwana uku. Sai a farkon Agusta aka gama buɗe ta. Ba wanda ya rasa ransa. Daga baya aka gano cewa tsagar ta samo asali ne daga wata walda tun lokacin da aka ƙera ƙarfen, kafin buɗe gadar a 1973, kuma tana nan a hoton da jirgi mara matuƙi ya ɗauka a 2019, mai dubawa bai kula ba. Mutanen garuruwan biyu sun sha cunkoso na kusan wata uku, amma sun sami inda suka bi, domin akwai wata tsohuwar gada ta 1949 a kusa.

Me ya hana a yi gyara motoci suna wucewa?

Wani gyaran ana yinsa haka, kamar fenti da share magudanan ruwa. Amma canza matashi yana bukatar a sa manyan jak-jak masu aiki da mai a ɗaga bakin zango guda 'yan milimitoci, a zare tsohon a cusa sabo, kuma ba mai hankalin da zai bar tirela ta hau zangon da ke kan jak. Sabon kankaren da ake dasa gaɓa a ciki shi ma ba ya son jijjiga yayin da yake kamawa, in ba haka ba zai rabu da rodinsa tun yana ɗanye. Kankare ba bushewa yake yi ba kamar yadda ake zato, siminti ne yake haɗuwa da ruwa sannu a hankali, kuma a kan kwana 28 ake auna cikar ƙarfinsa.

Mutanen Legas sun ga wannan a gadarsu ta uku mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka gama a 1990. Ita a kan ƙoramar teku take, amma ciwon iri ɗaya ne. Daga 24 ga Yuli 2020 zuwa ƙarshen Fabrairu 2021 aka rufe hannu ɗaya don canza matasai da gaɓoɓi, ɗaya hannun kuma aka raba masa lokaci: da safe na masu shiga tsibiri, da yamma na masu fita. Duk da haka, a ranakun zuba kankare sai da aka riƙa rufe ta ruf. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne akwai gadojin Eko da Carter da suka ɗauki ragowar motocin.

Wannan gata ne Asaba da Anaca suka rasa shekara 57. Wanda aka hana shi hawa gadar a wancan lokaci, sai dai ya zagaya arewa ya haye ta Ajaokuta da Itobe, ko ya gangara kudu ta Patani, tafiyar ɗaruruwan kilomita saboda kogin da yake hango ɗaya gaɓarsa. Gadar da ba ta da mataimakiya ba a iya ba ta dogon hutu, ko da injiniya ya so. Tun shekarun 1970 ake maganar gada ta biyu, gwamnatoci suna ta alkawari. Shugaba Goodluck Jonathan ya aza harsashi a 2014, babban aikin ya kankama a 2018 a hannun kamfanin Julius Berger, aka buɗe ta na wata guda daga 15 ga Disamba 2022 saboda matafiyan Kirsimeti, sa'an nan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ita ran 23 ga Mayu 2023. Ta kankare ce, tsawonta kilomita 1.6, tana kudu da tsohuwar. Jama'a sun fi murna da raguwar cunkoso, amma ga injiniya babban amfaninta shi ne yanzu ana iya rufe kowace daga cikin biyun a duba ta a tsanake.

Sabuwar ma ba ta daɗe ba ta fara bukatar gyara. A watan Yulin 2023, ƙasa da wata biyu da ƙaddamarwa, aka wayi gari ɓarayin ƙarfe sun ɓalle wasu sassa daga jikin ɗaya daga cikin gaɓoɓinta, wato daidai wurin da aka tanada don ya ba ta damar miƙewa da rana, ya kuma kare matasan da ke ƙasa daga ruwa da yashi.